Ire-iren Mahayan Babur a Ayarin Tsaunin Stelvio

Mashigin Stelvio, wanda ke arewacin Italiya dab da iyakar Suwizalan, hanya ce da ta ratsa tsaunukan Alps a tsayin mita 2,757 daga doron teku, kuma injiniya Carlo Donegani ne ya shimfiɗa ta tsakanin 1820 da 1825 bisa umarnin daular Ostiriya, wadda a lokacin take mulkin yankin Lombardiya, take kuma neman hanyar da za ta sada shi da Tirol. Ga wanda ya taso daga garin Prato, hawan ya kai kimanin kilomita 24, kuma a cikinsa akwai kwana 48 irin wadda hanya ke ninkuwa ta fuskanci inda ta fito, kowacce da lambarta, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa zuwa 1 a sama. Dusar ƙanƙara takan rufe hanyar fiye da rabin shekara, saboda haka da zarar an buɗe ta wajen ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni sai ayarin babura su yi ta kwararowa daga Jamus da Holan da Ingila, kuma tun da wuri ne da ba ya rufa wa kowa asiri, ya zama fage mafi dacewa ga mai son nazarin halayen mahaya.

Baburin da akasarinsu ke muhawara a kansa shi ne wanda za a iya kira ɗan ruwa biyu, wato babur na gudu da dogon zango, wanda ya gaji kaifin inji da iya kwanciya a kwana daga baburin tsere, sannan ya gaji gilashin tare iska da babban tankin mai da akwatunan gefe daga baburin doguwar tafiya. Honda VFR800 da Yamaha FJR1300, wadda ta fito a 2001, da Kawasaki Ninja 1000SX da BMW R 1250 RT da Yamaha Tracer 9 duk 'yan wannan gida ne, ko da yake tsakanin mafi sauƙinsu da mafi nauyinsu akwai ratar da ta haura kilo 70. Tun da abu ne da aka gina bisa sulhu, babu mai samun duk abin da yake so, kuma kowane mai saye yakan rungumi rabin da ya dace da halinsa ya yi kamar bai san da ɗaya rabin ba, har ta kai ana iya gane mutum daga baburinsa tun kafin ya cire hular kwano.

Na farko a kowane ayari shi ne madugu, kuma ba kasafai ake zaɓensa ba, domin yawanci shi ke naɗa kansa tun cikin hunturu, lokacin da ya fara aika wa jama'a taswirar tafiyar da ba za a yi ba sai watan Yuli. Baburinsa mai ƙaton gilashi ne, kuma a gabansa akwai na'urar nuna hanya wadda yake yi wa biyayyar da bai taɓa yi wa na gaba da shi ba, ko da kuwa ta kai ayarin ƙofar garken shanun wani manomi. Kafin a tashi yakan tara mutane ya bayyana tsarin tafiya, wato a miƙaƙƙiyar hanya a jeru ɗaya hagu ɗaya dama, kowa ya bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke saitinsa a gaba, in an shiga kwana kuma a koma sahu ɗaya. Bayani ne mai kyau, sai dai rabin masu sauraro sun riga sun toshe kunnuwansu saboda ƙarar iska, sauran kuma suna laluben makullansu. Babban aibinsa shi ne bai san wainar da ake toyawa a bayansa ba, domin idan na gaba ya fita daga kwana ya ɗan murɗa totur, na biyu sai ya lura tukuna ya bi, na uku ya ƙara makara, har a zo kan na goma, wanda dole ya yi gudun ceton rai kafin ya cim ma mutumin da ke rantsuwa cewa tafiyar hawainiya yake yi.

A bayansa, ko kuma a gabansa da zarar an wuce kwana uku, akwai sarkin gudu, mutumin da shekaru suka raba da baburin tsere amma zuciyarsa ba ta sa hannu a takardar sakin ba. Ciwon baya da na wuyan hannu ne suka kai shi ga ɗan ruwa biyu, sai ya zaɓi mafi kama da tsohuwar zumarsa, ya cire akwatunan gefe ya ajiye a gida don kada a ɗauke shi dattijo, sannan ya roƙi abokin tafiya ya ɗaukar masa kayansa. Wannan rukuni yana da ma'aunin daraja na musamman, wato gefen tayar baya: ɗan zirin robar da bai taɓa kwalta ba shaida ne cewa mai baburin bai kwantar da shi sosai a kwana ba, kuma gwargwadon faɗin zirin gwargwadon abin kunyar, shi ya sa a kowane zango za a gan shi a durƙushe yana duba tayoyin mutane yana girgiza kai. Ana zargin wasunsu da bin gefen tayar da samfefa cikin dare, ko da yake har yanzu ba a samu wanda ya amsa laifin ba. Ladan gudunsa shi ne ya riga kowa isa ƙololuwa, inda zai tsaya rabin sa'a cikin rigar fata mai ramukan shan iska yana rawar ɗari, domin a matsakaici zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, kuma daga Prato zuwa sama hawan ya haura mita 1,800, rigar sanyinsa kuwa tana cikin akwatin mutumin da ya baro a kwana ta 30.

Wannan mutumin da aka baro shi ne mai lodi, wanda ya ɗauki ɓangaren dogon zango da gaske har ya wuce makaɗi da rawa. Bai yarda a bar komai a gida ba, daga tanti da kujerar naɗewa har tukunyar haɗa kofi, kuma baburin da dama can ya doshi kilo 290 kafin a ɗora masa tsinke sai ya tashi da kaya har saman kai. A babbar hanyar Jamus babu wanda ya kai shi jin daɗi, amma hisabinsa yana jiransa a kwanar da ta karya dama, domin a ƙasar da ake tuƙi a hannun dama mai hawa yana bin cikin kwanar ne, inda ta fi matsewa kuma ta fi tsayuwa. Ka'idar ita ce a shiga da giya ta ɗaya ko ta biyu, a riƙe totur ba yankewa, a ɗan taka birkin baya, a juya kai a kalli mafita. Abin da yakan faru shi ne bas ɗin 'yan yawon buɗe ido ya sako hanci daga sama ya cinye rabin hanya, mai lodi ya firgita ya damƙe birkin gaba bayan ya wuce tsakiyar kwanar, inji ya mutu, ya miƙa ƙafar dama neman ƙasa ya tarar ƙasar ta yi nisa, domin nan ne gefen gangara. Daga nan sai baburin ya kwanta a hankali cikin natsuwa, ba jini ba karaya, madubi ɗaya ya karye, tukunyar kofi ta gangara zuwa kwanar da aka baro, maza huɗu su taru suna nishi kafin su tashe shi, shi kuma yana yi musu bayanin cewa akwai tsakuwa a wurin, alhali babu wanda ya ga tsakuwar.

Masanin takarda ya sha bamban da waɗannan, domin shi bai sayi babur ba tukuna, na haya yake hawa, kuma shekara da shekaru ke nan yana kan zaɓe. Ya san nauyin kowane samfuri da ƙarfin dokinsa da tsayin kujerarsa, kuma yana iya kwana yana fayyace bambancin sarƙa, wadda ba ta da nauyi amma tana bukatar shafa mai da ɗaurewa, da sandar ƙarfe mai juya tayar baya, wadda ba ta neman wannan hidima amma tana ƙara nauyi da tsada. Duk lokacin da ya kusa biyan kuɗi sai ya ji ƙishin-ƙishin cewa sabon samfuri na tafe, ya ce gara a ɗan dakata. Da ya hango kawunan duwatsu daga ƙauyen Trafoi yakan sanar da jama'a cewa an kusa, bai san hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin akasarin kwanar suna gaba.

Mai salansa da mai hoto ba sa bukatar dogon sharhi. Na farkon ya canza bututun hayaƙi don a ji zuwansa daga kwari uku, kuma irinsa ne suka ja wa kowa, domin tun 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana babura masu ƙarar da ta wuce desibel 95 a tsaye bin wasu hanyoyin tsauni a lokacin zafi, dokar da ta rutsa har da baburan da haka suka fito daga kamfani. Na biyun kuwa ya maƙala kyamara a hula da ƙirji da wutsiyar babur, yana tsayawa inda bai kamata ba, kuma sai ya koma gida yake ganin tsaunin.

Mai goyo, wato wanda ya ɗauko matarsa a baya, yakan yi magana kamar shi ya zaɓi baburin, amma bincike a shagunan dillalai zai nuna cewa cinikin ya faɗa ne a daidai lokacin da uwargida ta zauna a kujerar baya ta jingina da akwati ta gyaɗa kai. Ana gane ingancin tuƙinsa da kunne, domin duk sauyin giyar da bai yi laushi ba yana zuwa da ƙarar karon hula da hula, wanda ke biye da naushi a haƙarƙari.

Wanda ba abin dariya ba ne sosai shi ne sabon shiga, wanda kunya ke hana shi cewa gudun ya fi ƙarfinsa, sai ya liƙe wa na gabansa, kuma idan ya tsorata ya ƙura wa katangar dutse ido, babur kuwa inda ido ya kalla can yake nufa. Saboda shi ne ake ajiye mai rufe baya, wato gogaggen da ke tafiya a ƙarshe da gangan don kada a bar kowa, kuma shi kaɗai ne a ayarin ba ya shiga muhawarar zaɓen babur, domin tsohuwar VFR ɗinsa ta ga jiya ta ga yau, a ƙarƙashin kujerarta kuma akwai kayan facin taya da igiya da filaya. Wasu ƙungiyoyi, musamman na Ingila, suna bin tsarin ajiye mai nuni, inda wanda ke bin madugu zai tsaya a kowace mararraba yana nuna hanya har sai mai rufe baya ya iso. Tsari ne mai kyau matuƙar mai nunin ya san kamannin wanda yake jira, amma idan ya ga wani Bajamushe mai irin rigar ya ɗauka shi ne ya kama gabansa, to mutum uku na ƙarshe za su karya a mararrabar Gomagoi su nufi Solda, ƙauyen da hanyarsa ke ƙarewa a gindin dutse.

A ƙololuwa, tsakanin masu gasa tsiran alade da shagunan tsaraba, ayarin yakan sake haɗuwa, kuma nan masanin takarda ke tafka kuskuren tambayar wane babur ya kamata ya saya, sai kowa ya nuna nasa, har da mai lodi da madubinsa a hannu. Madugu yana duba agogo yana sanar da cewa an makara da minti 50, yana kuma tunatar da jama'a su sauka zuwa garin Bormio da ƙaramar giya don kada birki ya yi zafi ya daina kamawa. Sai an gama ɗaure huluna an tada injuna sannan rukuni na ƙarshe ke bayyana kansa, wato mutumin da aka tambaya da safe ko ya sha mai ya ce tankinsa fal yake, wanda yanzu ya ɗaga hannu yana tambaya ko akwai wanda ya san nisan gidan mai mafi kusa, domin fitilar mansa ta kama tun kwana ta 12.