Kowa da Irin Kwanansa a Gungu

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa mutanenmu na birni: a yi karo-karo, a ɗauki shatar mota, a tafi bakin ruwa a kwana a ƙasa da gangan. Fataken da suka riƙa yada zango a Yauri kan hanyarsu ta Gwanja goro suke nema; jikokinsu hoto. Ni ma na bi ayari zuwa tafkin Kainji a wani hunturu. Muka sauka Yelwa, inda jiragen kasuwa ke haɗuwa daga Shanga ta sama da Wara ta ƙasa, muka ɗauki wani dattijo Bagunge ya kai mu wani gungu ta wajen Ngaski, bayan mun gaida mai gari, don zamanin nan ba a kwana a waje sai da sanin masu wuri. Mu goma sha ɗaya ne, duk na daɗe da saninsu. Haka dai nake zato.

Tun a bakin ruwa Mai Kaya ya bayyana kansa. Jakarsa ta fi shi tsawo. Akwai tanti na gwanjo, tocila uku, murhun gas, maganin sauro na shafawa da na kunnawa, da takalmi irin na soja wanda aka yi don duwatsun ƙanƙara, shi kuwa ya zo da shi kan rairayi. Ashana kawai ya manta. Awa biyu ya yi yana kokawa da tantin, takardar bayanin da rubutun Sin, da ya gama sai ga abu kamar akurkin da jaki ya zauna a kai. Wani yaron masunta da ke kallo ya kafa itace huɗu, ya jingina zana, ya shige ya kwanta. Ƙarshenta Mai Kaya a kan tantin ya kwana, ya mai da shi tabarma.

Shi kuwa Na-je-na-gani tun a mota ya sanar da mu cewa ba tafki za mu ba. Ya taɓa zuwa Tila, can ƙasar Biu, inda ruwa ke kwance a bakin mataccen dutse mai aman wuta, zagaye kamar an ajiye ƙwarya, sai ka hau kafin ka gangara. "Wancan Allah ya haƙa," in ji shi, "wannan kuwa 'yan kwangilar Italiya." Ya rantse sai ya hau dutse ko na wane ne. Da safe muka samo masa wani ɗan tudu, ya ɗaure ɗamara, ya kama hanya, a tsakiya ya zauna yana haki wai yana nazarin yanayin ƙasa. Wata mata da goyo da ɗaurin itace ta wuce shi a hawa, ta sake wuce shi a sauka, ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Alhaji."

A kan Masani zan ɗan daɗe, don shi ma ya daɗe a kanmu. Matsalarsa ita ce duk abin da yake faɗa gaskiya ne, ba ka da ta inda za ka kama shi. Kana ƙoƙarin shiga jirgi ƙafa ɗaya a tabo, shi yana gaya maka an fara ginin madatsar Kainji a 1964 an gama a 1968, ruwan ya ja da baya sama da kilomita 130, faɗinsa ta wajen Foge ya kai kilomita 24, an tashi mutum fiye da dubu 40, Tsohuwar Bussa tana ƙasa kifi na shawagi a fadarta. Ka kai loma baki, ya ce ka san Mungo Park ya ratsa ta Yauri kafin ya halaka a Bussa a 1806? Ka haɗiye, ya ƙara da cewa a 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Lander, sun zo har Yauri neman takardunsa. Duk wannan da sauƙi. Inda ya kai maƙura shi ne da ya juya ya fuskanci matuƙinmu, mutumin da aka yanke wa cibiya a kan wannan kogi, yana koya masa dalilin cikar ruwa da hunturu alhali ba a ɗiga ko ɗigo: wai cika biyu ce, farin ruwa mai laka da damina ke kawowa daga nan kusa, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar kafin ya iso. Dattijon ya saurara har ƙarshe, hannu a kan inji, ya ce, "Awo, Malam. Ashe labarin ya kai birni."

Mai Hoto ba ya bukatar dogon bayani. Ya ari giwar ruwan da wani Basarke ya kwana yana fama da ita, ya rungume ta kamar amarya, ya hau kan jirgin da aka kife yana ɗaga waya sama neman sabis. Kafin azahar mutanen Facebook sun taya shi murnar kamu.

Akwai kuma malamanmu biyu na tafiya, waɗanda suka ɗauki muhawara kan ko nisanmu ya kai na ƙasaru, da kuma ina alƙibla take, har rana ta kusa yi musu alƙalanci da kanta.

Sarkin Tsoro ya fara da dorina. Akwai? Akwai, in ji Baba matuƙi, amma ba ta nan. Kada fa? Daga nan duk curin kainuwar da ya taso kan kada ne. Da dare, ana zaune bakin wuta, Masani ya ga bai kamata a bar mutum da ƙaramin tsoro ba, sai ya kawo labarin tafkin Nyos na Kamaru, shi ma a bakin dutse mai aman wuta, wanda a 1986 ya saki wata iska cikin dare ta kashe mutum wajen 1,700 da dabbobinsu. Ya dai bayyana cewa Kainji ba irin wannan ba ne, amma wa ya tsaya jin ƙarshen? Wajen ƙarfe biyu Sarkin Tsoro ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya: ya ji wari, iskar ce ta fito. Muka bi warin da tocilar Mai Kaya, wadda sai a lokacin ta yi rana. Warangi ne, 'yan mitsi-mitsin kifin nan, aka shanya a bayan bukka.

Sarkin Tsoro kaɗai ya zo da rigar ruwa, kuma da ita ya ci abinci, da ita ya kwanta. Mun yi masa dariya har da hawaye, musamman wani jarumi da ya koyi iyo a kududdufin unguwarsu yana ta faɗin iya ruwa fidda kai. Amma a nan alƙalamina ya ɗan yi nauyi. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara da mutum fiye da ɗari, kuma har yau kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. A duk kayan da muka loda, rigar nan ce kaɗai abin da ya dace da wurin, ita ce kuma muka zaɓa mu yi wa ba'a.

Acici dai bai zo da wata rigima ba. Bai nemi dutse ba, bai nemi tarihi ba. Ya san ragon ruwa daga kurungu tun daga nesa, ya san wace mai banda ce ke sa wuta a hankali, kuma ya yi cinikin buhun albasa kafin mu gama sauke kaya. A dawowa buhun ya samu wurin zama mafi kyau, ni na zauna a kan tanti.

Muna tsakiyar ruwa, ba tsibiri ba ciyawa, sai Baba ya rage wuta, ya karkata jirgi ya yi wani dogon zagaye kamar mai kauce wa rijiya, sannan ya miƙe hanya. Sarkin Tsoro ya damƙe rigarsa. Masani ya gyara zama, ya tambaya ko igiyar ruwa ce.

"A'a, Malam. Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Ina yaro aka kwashe mu zuwa gidajen siminti, ita aka bar ta. Tana nan tsaye."

Masani ya buɗe baki, ya duba cikin kansa, bai sami shekarar da zai faɗa ba, ya rufe. Mai Hoto ya ɗauki hoton ruwa tsagwaronsa. Acici ya leƙa ta kan buhunsa.

"Baba, to kifi na taruwa a wurin?"

"Sosai, ɗana," in ji shi, ya ƙara wa inji wuta. "Dama can nan muke taruwa cin tuwo."