Yadda Za Ka Tuƙa Kwamfutar Ofis Daga Gida Ba Tare Da Hawan Jini Ba

Malam, idan ka danna harafi bai fito ba sai da ka gama gaisawa da maƙwabci har da tambayar iyali, kada ka daki kwamfutar, ba ta yi maka laifi ba. Aikin manhajar Remote Desktop guda ne: ta ɗauko hoton allon kwamfutar da ke ofis ta kawo maka, ta kai mata abin da ka danna. Duk abin da ya motsa a allon can sai an sake aiko shi ta cikin ɗan sabis ɗin nan naka. Lungu ne matsattse, kai kuma ka dage sai an shigo da kayan ɗakin amarya gaba ɗaya, har gado da kujeru. To, a rage kaya.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mstsc, ka buɗe "Show Options". A shafin "Display" ka ja girman allo baya. Allon 1920 da 1080 ɗigo sama da miliyan 2 ne, na 1280 da 720 kuwa ɗigo 921,600, ko rabi bai kai ba. Launi ma ka sauke shi daga bit 32 zuwa 16. Har yanzu kana da launuka 65,536. Don Allah, jadawalin albashin da kake cikewa a Excel launi nawa yake nema?

Babban aikin yana shafin "Experience". Zaɓi layin da ya fi kowa talauci, na modem mai 56 kbps, kada girman kai ya hana ka. Sannan ka bi kwalliyar nan ɗaya bayan ɗaya ka cire: hoton bangon allo, goge gefen haruffa, rausayar da taga ke yi in za ta buɗe, da nuna cikinta lokacin da kake jan ta. Na san hoton bangon nan na ranar sunan autanka ne. Allah ya raya shi, amma ya zauna a waya, can ya fi kyau. Akwati ɗaya tak za ka bari da alamarsa, "Persistent bitmap caching". Shi ne mai ajiye guntayen hoton da aka riga aka aiko a cikin kwamfutarka, don kada a yi ta dakon abu ɗaya sau goma. Masu AnyDesk da TeamViewer ma akwai inda za su fifita sauri a kan kyan hoto.

Kashe sauti, ka cire firinta idan ba bugawa za ka yi ba. Bidiyo kuwa, kul! Wanda ya buɗe YouTube a kwamfutar ofis daga gida, shi ya sayi rigima da kuɗinsa, domin allon gaba ɗaya ke sauyawa sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Yanzu waiwayo cikin gida. Wa da wa ke kan hotsufot ɗinka? Yara na TikTok, uwargida na sauke fim, kwamfutarka kuma ta tsiri sabunta kanta a ɓoye. Yara a lallashe su, uwargida a roƙe ta da ladabi, Windows kuma ka saita mata layin a matsayin "Metered connection" ta rage haɗama. Haɗa waya da kwamfuta da kebul, ka ajiye wayar kusa da taga.

Akwai ciwon da duk wannan ba ya warkarwa, wato nisa. Saƙon da ya bi ta tauraron ɗan'adam mai tazarar kusan kilomita 36,000 yakan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, komai yawan datarka. Dabarar ita ce ka rubuta doguwar wasiƙarka a kwamfutar gabanka, ka kwafa, ka liƙa can gaba ɗaya.

Wani gwani zai ce maka ka cire VPN ɗin da ke tsare layinka zuwa ofis, ka buɗe ƙofa mai lamba 3389 ga intanet kai tsaye, wai ya fi sauri. Ka yi masa godiya, ka ba shi goro, ka raka shi bakin ƙofa. Masu kutse dare da rana suke laluben wannan lambar. Ka bar VPN ɗinka a kunne, ko da harafin zai ɗan makara.