Ni da Baƙar Leda

Na ji a rediyo cewa tun 2008 Ruwanda ta haramta leda, sai kishi ya motsa mini. Na ce daga yau ni da leda haihata-haihata. Na zaro tsohon kwandon kakata, na karkaɗe ƙura, na nufi kasuwar 'Yankaba cefane.

Mai tumatir ya dubi kwandon, ya dube ni. Ya zuba tumatir a baƙar leda, ya ƙara wata don kada ta fashe, ya ƙulle tam, sannan ya ajiye a kwandon cikin ladabi. Na ce, "Malam, ai gudun ledar ya sa na ɗauko kwando." Ya ce, "Haba Alhaji, kyauta ce fa!" Mai attarugu haka, mai albasa haka. Na dawo gida da leda bakwai, har da ta ruwan da na sha a hanya, wadda kunya ta hana ni yarwa, na cusa a aljihu ta jiƙa mini riga.

Uwargida ta linke shida ta adana. Ta bakwai iska ta kwashe, akuyar maƙwabci ta bi ta da gudu.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, muka fito da shebur muka yashe kwata, muka tara tsibin leda a bakin titi muna jiran motar shara. Da la'asar ruwan sama ya riga ta zuwa, ya mayar da kowace leda mazauninta.