Haɗarin Harafin P a Gidan Haya

Harshen Hausa ba shi da sautin da Turawa ke rubutawa da harafin p a matsayin sauti mai cin gashin kansa, kuma wannan giɓi, wanda masana ke ɗauka ƙaramin al'amari, ya isa ya tayar da ƙura a gidan haya. Abin da Bahaushe ke da shi shi ne f da ake furtawa da leɓɓa biyu, wanda a bakin Bakano kan karkata zuwa p, a bakin Basakkwace kuma ya koma hw, shi ya sa fasinja da famfo da fetur suka shigo Hausa da f, yayin da v ya rikiɗe ya zama b a kalmar direba.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan matsala ba, kamar yadda Munzali Jibril ya nazarta a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 kan bambancin furucin Ingilishi a Nijeriya. Yarabawa da dama kan sauke h daga farkon kalma, ta yadda Helen da Ellen ke zama mace ɗaya, wasu Ibo da Tibi kuma kan musanya l da r. Ɗaliban Kwalejin Katsina, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun koyi furuci daga bakin Turawan Ingila kai tsaye, amma wannan gata bai gangaro kan marubucin waɗannan layuka ba.

A Rafin Guza, unguwar da ke kusa da Kawo a arewacin Kogin Kaduna, kawun marubucin yana da gida mai ɗakuna a jere, wanda 'yan haya daga sassan ƙasa daban-daban suka cika, kuma a wani ƙarshen wata ya tura shi karɓar kuɗi da jerin sunaye a hannu. Sunan farko Peter ne, don haka marubucin ya tsaya a tsakar gida, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda bakinsa ya ba shi: "Fita! Fita!" A ƙa'idar nahawu babu laifi, domin wasalin farko na sunan dogo ne, na umarnin kuma gajere, sai dai kunnen baƙon da ya koyi Hausa a kasuwa, kuma ake binsa bashin wata uku, ba ya auna tsawon wasali.

Kafin marubucin ya rufe baki, wani tela ya fara fito da kekensa yana roƙon a ƙara masa mako guda, wata mata ta ɗora katifa a ka tana kiran sunan lauya, maƙwabta kuma suka taru suna tir da rashin imanin masu gidaje. Shi kuwa mai sunan yana wurin aiki tun asuba.

Da ƙurar ta lafa, marubucin ya koma kan takarda domin ya farfaɗo da mutuncinsa, ya kira suna na biyu, wato Vicky, da ƙarfin da ya fi na farko, kuma nan take yaran layin suka cika zauren da kwanuka suna tambayar ɗakin da ake rabon shinkafar bikin.