Yadda Na Tara Shanu 4,800 da Yatsa Ɗaya

Jiya Alhamis abin ya faru, har yanzu in na ji kukan sa sai gumi ya karyo mini.

Mu arba'in muka haɗa jari a nan Potiskum. Mu sayi bijimai a kara ranar Laraba, mu turke su, a loda a tirela zuwa Legas gabanin Babbar Sallah. Bana 120 gare mu, uku-uku ke nan. Lissafi ya fi ƙarfin littafina, aka zuba komai a rumbun bayanai na kwamfuta, aka ce a ɗauki wanda zai riƙa fitar da rahoton rabon kowa. Ni ne sakatare, ni zan gwada mai neman aikin. Na kwana a YouTube ina haddar SQL, yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi. Kafin asuba na ɗauki kaina gangaran.

Yaron ya zo, siriri, takardunsa a leda. Baba dillali, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Sakatare, aje takardun nan. Sa shi ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ba a sayen sa a kwance. Ka kuma duba haƙoransa."

Na ce, "Baba, wannan harkar ilimi ce." Na kunna majigi, na gyara zaman hula, na ce wa yaron, "Ɗana, bari in nuna maka yadda ake yi, sai ka maimaita."

Na rubuta layi biyu. Na ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida. Na danna.

Layuka 4,800.

Wannan yatsan nake ta gani. Da na ɗaga shi, ai da sai in sosa ƙeya, ko in kori ƙuda. Ina, sai da na sauke shi da ƙarfi, har da cewa "To, ga shi!" Bango ya cika da sunaye. Alhaji shugaba, shanu 120. Ma'aji, 120. Hajiya da ta shigo bara, 120. Jan bijimin nan mai karyayyen ƙaho, wanda duk muka sani, ya fito a ƙarƙashin sunan mutum arba'in. Ina jan allo ƙasa, shanu na ta ɓullowa kamar an buɗe ƙofar kara. Wani ya ce "Alhamdulillah!" ya fara lalubar waya zai kira gida.

Alhaji shugaba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Sakatare, duk bijimai muka saya fa. Wane ne ya haihu?"

Na buɗe baki, sai iska. Baba dillali ya matso ya ɗora tafin hannu a bayan kwamfutar, kamar mai taɓa ƙugun saniya.

"Jikinta da zafi. Ƙoshi ne ya yi mata yawa. A rage mata wuta, a kai ta inuwa. Da dabba ce sai in ce a ba ta kanwa."

Yaron ya yi gyaran murya, kansa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ka haɗa jadawalin masu jari da na shanu, amma ba ka ce mata ta bi lambar mai shi ba. Shi ya sa ta ba kowane mutum kowane sa. Arba'in sau 120."

Ya ƙara rabin layi. Shanu 4,680 suka ɓace nan take, wanda ya kira gida ya katse waya. Don ya rufa mini asiri, yaron ya ce tun 1970 wani ma'aikacin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa wannan tsari na jadawali, kuma kusan duk sabon shiga sai ya faɗa ramin nan. Sabon shiga! A gaban Hajiya!

Aka ba shi aikin kafin in tattara fuskata. Ina naɗe wayar majigi, Baba dillali ya dafa kafaɗata.

"Ni dai na ga dubu huɗu da ɗari takwas da idona, kuma a gabana suka fita. Ina la'adata?"