Ire-iren Masu Gasa Gurasa da Tsire a Gida

Gurasa da tsire abincin bakin titi ne, kuma kowanne da masu shi. Gurasa ta shigo Kano ta hannun Larabawan da suka zauna a kewayen Kasuwar Kurmi, har yau kuma da ta Jakara ake kafa misali: kwaɓin fulawa ko alkama da yis, a manna a cikin tanderu mai zafi. Tsire kuwa na mahauta ne. A yanka nama falle-falle, a soke a tsinke, a turbuɗa a garin ƙuli-ƙuli, a kafa kewaye da tukuba. Duk da haka, a Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura, kamar sauran garuruwan masarautar Ringim, ba a rasa masu cewa "wannan ai ba wani abu ba ne," musamman da azumi da kwanakin layya. Sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne maigida mai lissafi. Shi ya daɗe da gano cewa mai tsire cutarsa yake yi, don ya ƙirga yankan da ke kan tsinke ya tarar biyu daga ciki kitse ne. Sai ya sayo nama da gawayi da man gyaɗa da albasa, ya aiki yaro ɗaya neman tsinke, ɗaya aron mafici. Aikinsa na zahiri ba da umarni ne daga kan tabarma. Ba ya haƙurin jiran wuta ta zama garwashi, saboda haka naman kan fito waje baƙi, ciki jini. Laifin kullum na gawayi ne. Kuɗin da ya kashe kuwa ba a sake jin lissafinsu.

Kusa da shi akwai amarya mai koyo a waya. Tana jingina wayar da galan ɗin mai, tana bin wata mai girki a YouTube tiryan-tiryan, har zuwa daidai inda za a faɗi yawan yis, nan data ke ƙarewa. Da yake ba ta da tanderu, tukunyar ƙarfe ke maye gurbinsa. Idan kwaɓin ya tashi, gurasa ce. Idan bai tashi ba ya fito kamar faifai, sai ta yanka tumatir a kai ta ce sabon salo ne. Angon kan ci ya yaba, don watanni uku na farko ba a faɗin gaskiya a kan girki.

Mai musanye ta fi kowa ban sha'awa. Fulawa ta yi tsada, sai ta sa garin masara. Nama ya gagara, sai awara ta shiga. Ba ta sani ba, ta kama hanyar Meziko ne, inda ake gasa faifan masara da ake kira tortilla, a naɗe nama da cuku a ciki, a ci a tsaye a gefen hanya. Su ma can musanyen suka yi: Kwarori 'yan ci-rani ne suka kai musu gashin shawarma birnin Puebla wajen shekarun 1930, daga baya 'yan ƙasa suka ajiye naman rago suka sa na alade. Wannan musanye ɗaya ne tak da ba zai taɓa ƙetare zauren gida a Kanya Babba ba. Sauran duk ta gwada su, kuma har yanzu bandashe take kiran abin.

Akwai mai ɗanɗana gishiri, wanda a hannunsa tsinke ashirin kan koma sha uku.

Kaka kuwa ba ta taɓa wuta, sharhi take yi. A wurinta alkamar yanzu ba alkama ba ce, ƙuli-ƙulin yanzu an tatse masa rai. Tana cewa ba ta da haƙoran tsire, don haka a jiƙa mata gurasa da ruwan ɗumi, a barbaɗa ƙuli da yaji, a kwarara mai. Kwanonta ke fara komawa wanke-wanke.

Maƙwabci mai bin hayaƙi bai taɓa yin sallama lokacin hura wuta ba. Sai an sauke yake tuna yana da magana da maigida. Ana cewa "bisimilla," yakan amsa da "alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan tuwo," yana naɗe hannun riga.

Kashi na ƙarshe su ne waɗanda gashinsu ke fita daidai kowane lokaci. Ana gane su da alamu biyu: ba a ganin hayaƙi a gidansu, kuma ana ganin ƙaramin yaronsu yana dawowa daga wajen tasha bayan magariba da baƙar leda a ƙarƙashin riga. Sukan juye a kwanon gida, su yanka albasa sabuwa a kai. Idan baƙo ya tambayi sirrin yajin, sai uwargida ta yi murmushi ta ce na gado ne, tana tura takardar da aka naɗo tsiren ƙarƙashin tabarma da ƙafa.