Hawainiya da Mujiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin Falgore, kusa da bakin wani rafi, akwai wata Hawainiya da ke zaune a kan tsohon gawo. Ba ta san uwarta ba, domin hawainiya binne ƙwanta take yi a ƙasa ta tafi. Tsoro ne ya raine ta. Shi ya koya mata ta aika ido ɗaya gaba, ɗaya baya, ta riƙa ɗaga ƙafa tana rangaji don a ɗauka ganye ne, kuma duk reshen da ta hau ta ari launinsa.

Da ta girma, abin ya wuce fata ya shiga baki. In Kura ta zo gindin gawon ta ce Zomo munafuki ne, sai Hawainiya ta ce, "Gaskiyarki, ranki ya daɗe." In Zomo ya zo ya zagi Kura, sai ta ce, "Ai ka ma rage." Kowa yana yabon halinta, amma babu wanda ya taɓa tambayarta yadda ta kwana. Ni abin da ya fi ba ni tausayi addu'arta ce, don kullum roƙo ɗaya take yi: kada a gan ta.

A kogon gawon akwai tsohuwar Mujiya, wadda tsuntsaye ke taruwa su yi mata ature in ta fito da rana. Wata magariba ta leƙo ta ce, "'Yar nan, na san launinki."

Hawainiya ta daskare. "Wane launi, Inna? Ba ni da shi."

"Kina da shi. In barci ya ɗauke ki, duk rinin nan yakan sauka, ki yi haske, fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa. Kowane dare nake kallonki."

Maimakon murna, hankalinta ya tashi. Ashe akwai lokacin da take a fili ba ta sani ba! Ta daina barci. Ta rame, ta yi baƙi ƙirin, har fara ta wuce gabanta harshenta ya kasa kai mata.

Mujiya ta ce, "Wa kike ɓoye wa? Wanda ya zuba miki wannan hasken ya gan shi tun kina cikin ƙwai."

"Ai tsoronsa nake ji, Inna."

"A'a, tsoron Shaho kike ji, da Kura, da bakin 'yan daji. Mai tsoron Allah wurinsa yake gudu, don ya san Mai rahama ne, yana kuma son sa. Ke tsoronki ya raba ki da kowa, har da kanki."

Hawainiya ba ta amsa ba.

Damina ta ja baya, gawo ya fara toho, domin shi sai sauran itatuwa sun soma kaɗe ganye yake fitar da nasa. Cikin Hawainiya ya yi nauyi da ƙwai. Ƙwai kuwa ba a ajiye shi a reshe. Dole ta sauka, ta haƙa rami a fili. Tsoro ya ce ta bari sai gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Amma akwai wani abu a ƙirjinta da bai san jira ba, son waɗannan 'ya'ya da ba za ta taɓa gani ba, kuma ba za su san sunanta ba.

Ta sauka. Ta sa hannu tana tona, kanta a cikin rami, bayanta a waje. Idanun nan biyu, da ba sa haɗuwa wuri ɗaya sai a kan abinci, suka tsaya kan ƙasar da take haƙa. Ta wuni ba ta duba launin jikinta ba. Bakinta yana motsi, roƙon ya canja: "Ya Ubangiji, ga amanarka, ka raya su."

Inuwar Shaho ta gifta. Ya kawo sura, farcensa ya tsage mata baya, ta nutsa cikin ramin ya tashi hannu wofi. Da jini a jikinta ta zuba ƙwan, ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe, ta hau gawo ta yi barci har hantsi.

Ciwon ya warke ya bar tabo, tabon kuwa ba ya karɓar launin kowane reshe.

Kura ta zo ta ce, "Ke shaida ce Zomo munafuki ne."

Hawainiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa ganin munafuncinsa ba. Tsoronki ya sa na faɗa." Muryarta na rawa, amma ta kai ƙarshen maganar. Kura ta yi gurnani ta tafi, ba ta ƙara zuwa ba.

Zomo ma ya ji nasa, cewa rabin abin da yake faɗa kan Kura ƙari ne. Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Bayan kwanaki ya dawo, ya tsaya yana kallon bayanta, ya ce, "Wai wa ya ji miki wannan ciwo? Sauko ki ba ni labari."

Ƙurunƙus.